Farar Dabbar Madam da Saniyar Pitowa

"Jam na, tsoho? Ashe har yau kana nan? Ni na ɗauka zafin bana ya gama da kai."

"Jam ƙalau, mummuna. Zafin ya zo, ya tambaye ni gidanku, na kwatanta masa. Ki jira shi."

Khaula ta ajiye jakar makarantarta a kan bencin rumfar, ta goge gumi da bakin mayafi. Hantsin Asabar ne a layin mahauta na kasuwar Garwa, cikin watan Afirilu, lokacin da ko inuwar dalbejiya zafi take yi. Kakanta Alhaji Sulaimanu, mahaifin babanta, yana tsaye bayan teburinsa yana wasa wuƙa. Shekara hamsin yana fawa a wannan layi, kuma tun ranar da aka raɗa wa Khaula suna bai taɓa faɗa mata magana mai daɗi ba, ita ma tun da bakinta ya buɗe ba ta bar masa ko ɗaya ba. Haka jika da kaka suke, kowa ya sani.

Amma yau ba wasa ya kawo ta ba, kuma nan ne matsalar. Makinta na Ingilishi a lise, wato makarantar sakandare, takwas ne bisa ashirin. Madam Laetitia, malamar Ingilishi, ta ba su aikin ƙarshe na shekara: kowa ya sami mutum ɗaya, ya yi masa jawabi da Ingilishi kan kare muhalli, mutumin ya yarda zai sauya wata ɗabi'a, a ɗauka a waya a kawo ran Litinin. In Khaula ta faɗi wannan za ta maimaita aji, babanta kuwa ya rantse ba ya biyan aji ɗaya sau biyu, sai dai ta koma shagon atamfar mamanta ta riƙa auna yadi. Ta nemi kowa a gida, kowa ya ga waya ya gudu. Tsoho kaɗai ya rage.

"Kaka, yau da aiki na zo."

"Madalla. Ga tsintsiya can, ga kwata can."

"Aikin lekol ne, na makaranta. Zan yi maka magana da Ingilishi, in na gama ka ɗaga kai ka ce ka yarda. Shi ke nan fa."

Tsoho ya daina wasa wuƙar. Ya juya wajen maƙwabcin teburinsa, Hamadu, wanda ke sara ƙashi.

"Hamadu, ka ji? Wai in yarda da ita. Ni, a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka!"

Hamadu ya yi dariya ya ci gaba da saransa.

"Ke, tun da nake ban taɓa yarda da jika ba," in ji tsoho. "Ranar da kika ce ruwan Binuwai da sanyi ma na ce ƙarya ne, na shiga ina rawar sanyi ina cewa tafasa yake. In na yarda da ke yau, gobe yaran layin nan hulata za su tuɓe."

"Hular da ta girmi babana? Taimakonka za su yi."

"Ita ce za a ba ki gado. Fara Ingilishin, in ji Angalen naki."

Ta jingina wayar da sikeli, ta gyara har su biyun suka fito, sannan ta ciro takardunta. Shafi uku ne, ta kwafo su daga intanet, an buga mata a wani shago kusa da lise, da hoto a sama. Kwana huɗu tana haddar su kamar karatun allo. Ta gyara murya ta fara. Kalmomin suna fita sumul, har ita kanta ta ji daɗin kanta. Ba ta kai layi na biyar ba tsoho ya ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya. Me kika ce?"

"Ba sai ka sani ba. Kai dai ka saurara."

"Yaya ba sai na sani ba? In ban san abin da kika ce ba, me zan ƙi? Mutum ya ƙi abu a makance? Fassara."

Khaula ta ja numfashi. Ta duba takardar.

"Na ce ƙanƙara tana narkewa."

"To da me za ta yi? A Garwa muke. Mai sayar da ruwan sanyi kafin ya ƙetare titi ta zama shayi. Wannan ne aka tura ki lise ki koyo?"

"Ba wannan ƙanƙarar ba! Wata ce can ƙarshen duniya. Ƙasa guda, duk ƙanƙara."

"Ƙasa guda. Wa ya saya?"

"Ba saya ake ba, Allah ne ya yi ta haka."

"Kuma tana narkewa."

"E."

"To mutanen wurin sun huta. Ci gaba."

"Ba su huta ba! Akwai wata dabba da ke zaune a kai, in ta narke ba ta da wurin zama." Ta miƙa masa shafin farko. Ya riƙe shi nesa da fuskarsa, ya karkata kai, ya juya shi ƙasa a sama.

"Tunkiya ce?"

"A'a."

"Kura ce ta tsufa ta yi furfura?"

"Kai ne dai kurar da ta yi furfura. Sunanta da Ingilishi ne, babu da Hausa."

"Ana yanka ta?"

"Ita ke yanka mutum."

"Subhanallahi! Dabbar da ba ta da suna, ba a cin ta, ita ke cin mutane, kuma ni za a tara a taimaka mata? Hamadu, zo ka ga surukan yarinyar nan. Ke, in dabba kike so, ga dorina can ƙarƙashin gada, ta fi wannan kyau, ta ma fi ki."

"Ba dabbar za ka taimaka wa ba. Leda za ka daina sa nama a ciki."

Tsoho ya dubi damin baƙar leda da ke rataye a ƙusa bayansa, ya dubi hoton, ya sake duban ledar.

"Ledata ce ke narkar da ƙanƙarar?"

"E... wato... da alaƙa."

"Ta yaya take zuwa can? A moto? Ledar da iska ke ɗauka ba ta wuce kwatar Hamadu. Ko jirgin ƙasan Ngawundere take shiga?"

Khaula ta duba shafi na biyu, ta duba na uku. Akwai hayaƙi a ciki, akwai teku, akwai wata doguwar kalma da ta haddace ba ta taɓa neman ma'anarta ba. Yadda aka tashi daga ledar tsoho aka isa ga farar dabba kuwa, babu wanda ya rubuta. Ta ji kunya ta kama ta, da haushi, don tsohon da bai taɓa zama a benci ba ya yi mata tambaya ɗaya ta kasa.

Nan dabara ta faɗo mata. Tun da duk abin da ta faɗa kishiyarsa yake yi, to ai hanya a buɗe take. Ta danna wayar ta sake farawa, ta zuba Ingilishinta mai roƙon a bar leda, ta dube shi da murmushi.

"Yanzu me kika ce?"

"Na ce ka ƙara leda. Kowane nama ka sa masa uku. Har ƙashi ka sa wa."

Tsoho ya buga tafin hannu a tebur har sikeli ya yi tsalle.

"Wallahi ba na yi! Uku? Gidanku ake yin ta? Ba na yi, ba na yi, ba na yi!" Yana faɗa yana girgiza kai yana kaɗa wuƙa a sama.

Ta fizgo wayar cikin murna ta kunna. Murnar ba ta kai ko'ina ba. Abin da ke ciki shi ne yarinya tana roƙon a kare duniya da Ingilishi mai kyau, ga tsoho da wuƙa yana rantsuwa ba zai yi ba. Madam Laetitia ba ta jin Hausa. Abin da za ta gani ke nan. Khaula ta mayar da wayar jikin sikeli.

"Wayyo! Ka ɓata!"

"Na ɓata me? Ba ƙi na yi ba? Ai na ƙi da kyau."

"So nake ka yarda!"

"In ƙara ledar?"

"A'a, ka bari!"

"Yanzu kika ce in sa uku."

"Ƙarya na yi maka don ka ƙi."

"To na ƙi."

"Amma a waya kamar barin ledar ka ƙi!"

"Shi ma ai na ƙi shi."

"Ba za ka ƙi duka biyun ba, Kaka!"

Tsoho ya ture hularsa baya ya sosa goshi. Wannan karon shi ma da gaske ya rikice.

"Tsaya. In na ƙi ƙarawa, na yarda da bari. In na ƙi bari, na yarda da ƙarawa. Ko ta ina sai na yarda da ke? Hamadu, yarinyar nan tarko ta kawo mini daga lekol. Ke, yanzu a kan wanne nake?"

"Ni ma ban sani ba."

"To mu koma kan tunkiyar. Ita dai na san na ƙi ta."

Wata mata ta tsaya ta sayi rabin kilo. Tsoho ya yanka, ya auna a sikelin da wayar ke jingine har ta faɗi, ya zaro leda ya ɗaure, ya ƙara wata a kai yana kallon Khaula da gefen ido. Da matar ta tafi, hawaye sun riga sun cika idon yarinyar.

"Kaka, in ban kai wannan abin ran Litinin ba, Baba zai cire ni daga lise."

"Ya yi daidai. Sai ki zo nan ki riƙa kore mini ƙuda, da Angale."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Ƙudan layin nan sun raina Hausa da Fulatanci."

"Kuka fa nake yi!"

"Na gani, kin iya. Bara ma haka kika yi mini kika kwashe kilishina."

To ina mafita? Shekara goma sha bakwai duk abin da ta faɗa masa wasa ne, yau da take neman ya ji gaskiya babu wata kalma a bakinta da ba su riga sun yi wasa da ita ba. In ta rantse zai rantse, in ta yi fushi zai ce ta ƙara muni. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da take. Ta gyara mayafinta, ta zagayo gefen teburin, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda matan unguwa suke yi masa.

"Alhaji, barka da hantsi. Allah ya ƙara girma. Wata alfarma na zo nema, in babu damuwa."

Hamadu ya tsayar da addarsa a sama. Tsoho ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"Ke! Wa ya mutu? Tashi! Tashi na ce, mutane suna kallo!"

"Allah ya ja kwana, Alhaji."

"Bari, bari! Zage ni mana! Ce mini tsoho!"

Ta ci gaba da durƙusonta. Ya tsaya yana duban ta, wuƙar a hannunsa ta sauka a hankali. Sai yanzu ya gane, kuma abin ya taɓa shi, don a duk jikokinsa ita kaɗai ke zuwa kasuwa takanas don ta tsokane shi.

"Uban naki da bakinsa ya ce zai cire ki?"

"E, Alhaji."

"In kika sake ce mini Alhaji sai na auna ki na sayar. Tashi ki kunna abin nan."

Ta tashi ta sake jingina wayar ta kunna. Shi kuma ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon bokiti da aka rufe da buhu. Ya ɗaga abin da ke ciki da hannu biyu ya dire a kan tebur, tim. Wani dunƙule ne baƙi ƙirin, ya fi kan mutum girma, a murɗe a cure kamar igiyar da ta shekara a rijiya, yana wari. Khaula ta toshe hanci.

"Mene ne wannan?"

"Ke da kika yi boko ki faɗa mini. Ran Lahadi na je kasuwar Pitowa na ga saniya, cikinta ya fito, na ce wannan ta ci ta ƙoshi, na saya. Ni da nake taɓa dabba in faɗi nauyinta. Yau da safe a abatuwa aka feɗe ta, muka buɗe tumbi, ga abin da ke ciki. Leda ce. Babu ciyawa ko ta rantsuwa. Dabbar nan da yunwa take yawo, cikinta a cike." Ya ja wani zare daga dunƙulen, baƙar leda ta miƙe a hannunsa. "Irin tawa ce. Wa ya sani ko ni na ɗaure wa wani nama a ciki, ya ci ya yar. Na ɓoye ta ne don kada layin nan su ji an yi wa Sulaimanu wayo. Wannan ce ta uku a bana."

Khaula ta kasa gane ko wasa yake. Ta duba fuskarsa tana jiran zagin da zai biyo baya, bai zo ba.

"To me kike jira? Faɗa wa madam ɗinku da yarenta."

"Ba ya cikin takardar."

"Ajiye takardar. Bakinki aka kai lekol ko takarda?"

"Ban san sunan tumbi da Ingilishi ba."

"Ga shi a gabanki, nuna mata. Ido ba ya buƙatar Angale."

Ta dubi wayar. Ta san saniya, ta san ciki, ta san ci, ta san yunwa, ta san kaka. Ta fara haɗa su ɗaya bayan ɗaya, tana tuntuɓe, tana komawa baya. Wannan kakana ne, shi mahauci ne. Wannan daga cikin saniya. Saniya ta ci leda, saniya ba ta iya cin ciyawa, saniya tana jin yunwa. Inda kalma ta ƙare mata ta nuna da yatsa, sau ɗaya Faransanci ya kuɓuce mata ta janye shi. Babu sumul ɗin ɗazu ko kaɗan, amma a karon farko ta san abin da kowace kalma ke ɗauke da shi. Mata biyu masu cefane suka tsaya suna leƙen dunƙulen, ɗaya ta dubi ledar da ke hannunta.

"Da can da me kuke naɗe nama?" Khaula ta tambaya.

"Da ganye, da takardar siminti. Mata kuma da kwanonsu suke zuwa. Lokacin ba a haifi munana ba."

Ta juya wannan ma da Ingilishi, ban da na ƙarshen. Sannan aka zo wurin.

"To Kaka, ka yarda za ka daina?"

Tsoho ya dubi Hamadu, ya dubi matan nan biyu, ya dubi layin mahauta da duk suka miƙo wuya.

"Ban yarda ba."

"Kaka!"

"Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba har a naɗe ƙasa. Matsa."

Ya jawo cinyar da ke rataye, ya zaɓi wuri mai kyau, ya yanko tsoka mara kitse, ya ƙara da hanta, bai ko auna ba. Hannunsa ya tafi wajen ƙusa kamar kullum, ya tsaya a hanya. Sai ya miƙa ya ɗauke takardun jawabinta daga kan benci, duka ukun. Ya shimfiɗa su, ya ɗora naman a kan farar dabbar, ya naɗe tsaf, ya lanƙwasa bakin kamar yadda hannunsa ya saba shekara arba'in da suka wuce. Ya miƙa mata a gaban wayar.

"Jawabina ne fa! Kwana huɗu ina haddarsa!"

"Yau ya yi amfani. Tunkiyar taki ma ta sami abinci."

"Ai ka yarda ke nan."

"Wa ya ce? Leda ce ta ƙare mini."

Khaula ta dubi damin ledar da ke lilo a bayansa, cike, ko rabi ba a taɓa ba. Hamadu ya kifa kai a kan teburinsa yana dariya. Tsoho ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya cire damin daga ƙusa, ya cusa shi cikin bokitin ya rufe da buhu.

"Ga shi, ta ƙare. Kin ga wata? Gobe ki kawo mini tsofaffin littattafanki, na san ba abin kirki a ciki. Kuma ki gaya wa ubanki in ya cire ki daga lise ya zo ya same ni, ni kaɗai ke da izinin wulaƙanta ki."

Ta ɗauki wayar ta duba. Komai ya shiga, har naɗin. Ta rungume ƙunshin naman, jini ya fara ɓullowa ta kan Ingilishin, tana dariya tana share ido da bayan hannu.

"Na gode, tsoho mai kan kwarya. Allah ya bar mana kai, ko don ƙuda su sami abokin hira."

Tsoho ya saki ajiyar zuciya, ya gyara hularsa, ya ɗauki wuƙa.

"Yawwa, yanzu na ji magana. Ɓace mini da gani, mummuna, kafin in yarda da wani abu."